Jimla Biyar Bayan La'asar

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Wasunku sun san ni, wasu kuma yau suka fara cin karo da shafin nan, don haka bari in faɗi ko wace ce ni kafin in zazzage muku abin da ke cikina. Sunana Zaituna, 'yar Roni, shekarata ashirin da ɗaya, kuma sau biyu ina faɗuwa Turanci a jarrabawar gama sakandare. Lissafi na ci, darussan kimiyya duk na ci. Turanci kaɗai ya tokare mini ƙofar makarantar koyon unguwarzoma da nake mafarkin shiga tun ina aji uku.

Ranar da na duba sakamako na biyu, a wani shagon kwamfuta ne a Kazaure. Ina ganin takardar na ja bakin hijabina na toshe baki, amma kukan ya ƙi ɓoyuwa. Wani dogon saurayi baƙi mai farin gilashi yana gefe yana jiran a buga masa takardu. Bai ce mini sannu ba, bai ce in yi haƙuri ba. Hannu ya miƙo ya ce, "Mu gani."

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ai ke ba daƙiƙiya ba ce. Hannunki ne bai saba ba."

Shi ne Hussain. Malamin Turanci ne a wata sakandare a Babura, gidansu kuma a Kazaure, asalinsu Barebari ne da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna. Bayan mako biyu ya zo Roni a kan babur ɗinsa, ya yi sallama da Baffa, mahaifina, a ƙofar gida, ya durƙusa har ƙasa ya nemi izinin zuwa zance. Baffa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya sa alheri ne." A wurin Baffa wannan doguwar magana ce.

A zancenmu na farko ya kafa mini doka.

"Jimla biyar kullum. Abin da idonki ya gani a ranar. Ki rubuta da hannunki, ki ɗauki hoto ki turo mini."

"Kullum kullum? Har ranar Juma'a?"

"Har ranar Sallah."

"In ban ga komai ba fa?"

"Sai ki rubuta cewa ba ki ga komai ba. Kin samu ɗaya ke nan, saura huɗu."

Na sayi littafin rubutu mai shuɗin bango. Kullum in na idar da La'asar, sai in kife tsohon turmin Inno, mahaifiyata, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, in zauna, in ɗora littafin a cinya. Ranar farko akuyarmu na rubuta, yadda ta tsinke igiya ta shiga gyaɗar maƙwabta. Kafin Magariba hoton ya dawo, ya zagaye kurakuran da jan layi. Tara na ƙirga, a cikin jimla biyar! Shafin ya koma kamar mai ƙyanda. A ƙasa ya rubuto, *Akuyar ta burge ni. Gobe ma ina jira.*

Wallahi na so in daina a makon farko. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ɗan harafin nan da ake liƙa wa ƙarshen kalma in mutum ɗaya ne ya yi aikin, kullum sai na manta shi. Ga kuma mota da nake mayarwa mace, kamar yadda muke yi a Hausa. Ya turo mini, *Zaituna, a Turanci mota ba mace ba ce, ba kuma namiji ba. Ki bar ta ta huta.* Na yi ta dariya ni kaɗai, har Inno ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke da wa?"

A hankali tara ta koma shida, shida ta koma uku. Na fara lura da abubuwa saboda in samu abin rubutawa: launin gajimare kafin ruwa ya sauko, yadda Inno ke karkata kai in tana dama fura, faɗan 'yan acaɓa a tasha. In La'asar ta yi ban zauna a kan turmin nan ba, sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Jimla ta biyar ta daina zama ta abin da idona ya gani. Ni da aka raina a gidan da ko sunan saurayi ba a kamawa a gaban manya, ni da in Hussain ya zo zance nake sunkuyar da kai ina wasa da zoben hannuna, sai ga shi a Turanci bakina ya buɗe. Na rubuta masa cewa ƙarar babur ɗinsa daban take da ta kowa. Na rubuta cewa ranar da bai kira ba tuwo ba ya shiga. Abin da ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa da Hausa ba, sai in jera shi da Turanci ina jin kamar wata ce ta faɗa. Shi kuma bai taɓa sa jan layi a jimla ta biyar ba, ko da akwai kuskure. *Wannan tawa ce,* in ji shi, *ba a taɓa ta.*

Haka muka yi shekara ɗaya da wata huɗu. Littattafai uku na cika.

To, ku kun san gida. Goggo Dela, yayar Baffa, ita ta fara. Ta zo ranar wata Laraba da lulluɓinta ruwan toka, ta zauna a tabarma tana ɓare gyaɗa, ta ganni a kan turmi.

"Har yanzu rubutun ne? Ke 'yar nan, miji kike nema ko malami?"

"Goggo, jarrabawa ce ta matso."

"Jarrabawa! Shekara guda da ɗoriya yaro yana zarya, takalminsa ya san hanyar gidan nan fiye da nawa, amma ko tsoho ɗaya bai turo ba. Sa'o'inki duk suna da goyo."

Inno ta ci gaba da aikinta. Sai da Goggo ta tafi ta zo ta tsaya a kaina, ta gyara mini ɗankwali, ta ce a hankali, "Baffanki ya ce a tambaye shi. In da gaske yake, ya turo manyansa kafin a cire gyaɗa."

Ban damu ba, don ya riga ya ce mini bayan Babbar Sallah. Sallah ta zo ta wuce. Ya zo sau ɗaya, cikin shadda ruwan ƙasa da hula zanna. Na kawo masa fura a kofin silba, na miƙa, sai hannunsa ya wuce ta gefen kofin ya kama iska. Da zai tafi kuma ya yi tuntuɓe da turken da ke bakin zaure, turken da ya shekara yana kewayewa. Na yi masa dariya, jama'a. Na ce, "Malam, ko santsin furar ne?" Shi ma ya yi dariya. Duk lokacin da na tuna dariyar nan tawa sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Daga ranar bai sake zuwa ba. Babur ya lalace. Aiki ya yi yawa. Hanya ta ɓaci da ruwa. In na taɓo maganar manya sai ya ce, "Za mu yi magana, Zaituna," ya sako wani zancen.

Gyaran rubutu dai bai tsaya ba ko rana ɗaya, sai dai ya canza. Jan layin ya ɓace. Maimakon hoto, saƙon murya yake turowa: "Jimla ta biyu, abin jiya ya faru, ki mayar da shi jiya. Ta huɗu ta yi kyau." Na ce masa ina kewar jan layina. Ya ce murya ta fi sauri.

Wata ranar Asabar ina bitar shafukan baya, sai na ga na rubuta wata kalma ba daidai ba, harafi biyu sun yi musayar wuri. Kalmar da ya taɓa sa ni na rubuta sau ashirin. Bai ce komai a kanta ba. Na koma baya, na sami wata. Na sami sunan gari da na fara da ƙaramin baƙi. Hussain da ko ɗigo na manta sai ya zagaye wurin?

Zuciyata ta ce, *ya gaji da ke, dubawa yake sama-sama.* Na kwana biyu da wannan tunanin yana cina. Rana ta uku na ɗana masa tarko. Da gangan na ɓata rubutun kalmomi huɗu, yadda in an karanta da baki ba za a ji bambanci ba. Sannan na mayar da mota mace, sau ɗaya.

Saƙo ya shigo kafin Magariba. Yana dariya. "Zaituna, motar nan ta sake zama mace? Sauran duk lafiya lau."

Na saurara sau uku. Wayar ta zame daga hannuna ta faɗa kan zanina. Kuskuren da kunne ke ji ya kama. Wanda sai ido ke gani, duka huɗun sun wuce. Hussain ba ya ganin rubutuna, karanta masa ake yi. Kofin fura ya faɗo mini a rai, da turken bakin zaure. Sai kuma wani abu ya biyo baya da ya sa fuskata ta ɗau zafi: in karanta masa ake yi, to wane ne yake karanta jimlata ta biyar?

Na san bai dace budurwa ta taka gidan su saurayi ba. Ku zage ni in kun ga dama. Amma na san yayarsa Ummi Kulsum tana ɗinki a gida tun da mijinta ya rasu, kuma ina da atamfa turmi ɗaya da Inno ta saya mini da Sallah ba a ɗinka ba. Washegari na ce wa Inno zan kai ɗinki Kazaure. Ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan zuma, ko hoda ban shafa ba, na hau mota a tasha.

Gidan yana gindin dutse, a wani lungu da adaidaita ba ta iya shiga. Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tare ni, da ƙarar keken ɗinki. Na yi sallama. Wata mace mai jiki, sanye da lafaya shuɗiya, ta ɗago kai daga kan keken. Ta dube ni, ta dubi ledar hannuna, ƙafarta ta tsaya a kan feda.

"Zaituna ce," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

"Ina wuni, Yaya. Ɗinki na kawo."

"Ajiye ɗinkin nan, ƙanwata. Zo ki zauna." Ta jawo ni kusa da ita, idonta ya cika da ƙwalla. "Na san rubutunki kafin in san fuskarki. Wata biyu ke nan ni nake karanta masa. Ki yafe mini. Wallahi in na zo kan jimlar ƙarshen nan, runtse ido nake so in yi, to da me zan karanta?"

Na rufe fuska da tafin hannu.

"Me ya same shi, Yaya?"

"Hawan jinin ido, in ji likitoci a Kano. Shi ya makantar da mahaifinmu, Baba Kura, kafin ya rasu. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, a hankali yake cin gani ta gefe-gefe har sai ya gama. Na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan, ya ce kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Magani ake ɗiga masa don a tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Makaranta ma ya daina zuwa."

"Ummi, da wa kike magana?"

Muryarsa ce daga ɗakin da ke kallonmu. Ya ɗaga labule ya fito, hannu ɗaya a jikin bango. Ya rame. Jallabiya ce fara a jikinsa, babu hula, babu gilashin. Ya juya kansa a hankali, dama, hagu, yana nemana da ɗan abin da ya rage masa, har ya tsaya a kaina.

"Zaituna. Wa ya gaya miki?"

"Kai ka koya mini duba rubutu."

Ya yi wani murmushi da ban so na gani ba. Ya lallaɓa ya zauna a bakin baranda, nesa da ni. Yaya Ummi ta tashi ta shiga madafa, ta bar ƙofar a buɗe.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Jarrabawarki saura wata biyu. Na so ki gama tukuna."

"Sannan fa?"

"Sannan in je in ba Baffa haƙuri." Ya haɗe hannayensa. "Ba zan turo kowa ba, Zaituna. Na ga yadda mahaifiyarmu ta ƙare, shekara goma sha ɗaya tana jan hannun Baba, daga ɗaki zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa masallaci. Ke unguwarzoma za ki zama. Ban koya miki rubutu don ki ƙare da karanta mini takardar magani ba."

"Ta taɓa ce maka ta gaji?"

"Wa?"

"Mahaifiyarku. Ta taɓa cewa ta yi nadama?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ka yanke hukunci kai kaɗai, ka zauna a ɗaki ka gama shari'a, ko tambayata ba ka yi ba. Ni ba mutum ba ce?" Ban san ina da irin wannan muryar ba.

"Ki ci gaba da rubutun," ya ce, kamar bai ji ni ba. "Kullum, kada ki fasa. Amma ki daina turo mini. Kin kai inda za ki gyara wa kanki. Kin ma fi ni gani yanzu."

"Hussain..."

Wannan ne karo na farko da na kama sunansa a gabansa. Ya runtse ido.

"Don girman Allah ki tafi gida kafin a neme ki."

Ya tashi, ya lalubi bango, ya shige. Labulen ya faɗo. Yaya Ummi ta raka ni har bakin titi tana riƙe da hannuna. Atamfar ma a can na manta ta.

A mota aka yi La'asar. Na iso gida rana ta yi sanyi, na yi salla, na daɗe a kan darduma. Na ce yau kam ba zan rubuta ba, wa zan rubuta wa? Amma ƙafafuna da kansu suka kai ni gindin darbejiya. Na buɗe littafi. Hawaye yana ɗiga yana jiƙa layin, ina matsawa ƙasa ina ci gaba, har na cika biyar.

Ban ji shigowar Baffa ba. Inuwarsa na gani a kan shafin. Daga gona yake, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Na zamo daga kan turmi na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baffa."

"Me aka yi miki?"

"Ba komai."

Ya jingine fartanyar, ya zauna a kan turmin da na tashi, abin da bai taɓa yi ba. Ya nuna littafin da haɓa.

"Karanta mini na yau."

"Baffa, Turanci ne."

"Na sani. Juya mini shi."

Na dubi ƙofar madafa. Inno tana tsaye da ludayi a hannu, ba ta motsa ba. Na sunkuyar da kai, na fara, murya can ƙasa.

"Yau na je Kazaure."

"Uhm."

"Na ga Hussain, amma shi da ƙyar ya gan ni. Likita ya ce idonsa ba zai dawo ba. Hussain kuma ya ce kada in jira shi."

Ludayin Inno ya faɗi ƙasa. Baffa bai waiwaya ba.

"Huɗu ke nan," ya ce. "Na ji ana cewa biyar kike yi."

Ashe yana sane. Duk tsawon watannin nan da nake zaton ko kallona ba ya yi, ashe yana ƙirgawa. Na dubi jimlar ƙarshe. Da Turanci ta zauna lafiya a kan takarda. Da Hausa kuwa, a gaban mahaifina, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

"Ina jin ki."

"Ni kuma... ni kuma shi nake so, ko yana gani ko ba ya gani."

Tsakar gidan ta yi tsit, har kukan tantabarun maƙwabta nake ji. Na jira tsawa. Na jira ya tashi ya bar ni a wurin. Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza ɗan gemunsa. Daga can ya ɗaga murya ba tare da ya dubi Inno ba.

"A fito mini da farar rigata. Gobe da safe zan shiga Kazaure."

"Lafiya, Malam?" Inno ta tambaya.

"Dubiya zan je. Yaron ya durƙusa mini a ƙofar gidan nan, ba zan ji ciwonsa a bakin mutane in zauna ba." Ya miƙe, ya ɗauki butarsa. Har ya kai bakin zaure ya tsaya, ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban iya fassarawa ba.

"Zaituna."

"Na'am, Baffa."

"Ban ce miki e ba, ban ce miki a'a ba. Sai na zauna da shi. Amma duk abin da na dawo da shi gobe, za ki karɓa?"

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Baffa bai tafi ba, yana tsaye da buta a hannu yana jirana. A rayuwata ban taɓa ce wa mahaifina komai ba sai "to". Na buɗe baki in faɗe ta kamar kullum, ta ƙi fita.